Ranar da Ban Wanke Hannu Ba

Ni na sa wa mahaifina ciwon da ya kwantar da shi, da hannuna na dama, sannan na buɗe baki na ɗora wa matata laifin. Abin da ya faru ke nan.

Aikina gyaran famfo. Shekara ashirin da shida ina yi. Bututu ya fashe, ni ake kira. Tanki yana yoyo, ni. Banɗaki ya toshe ya dawo wa masu gida da abin da suka ba shi, ni dai. Makaranta aji huɗu na yi na ce ya ishe ni, amma ina karanta lamba, kuma in ka nuna min abu sau ɗaya na riƙe. Matsalar ita ce in na riƙe ba na saki. Tun ina ƙarami Baba yake ce min Guduma, wai tsakanin kaina da guduma bai san wanda ya fi tauri ba. Sunan ya bi ni har wurin aiki, akwai waɗanda na yi wa gyara shekara goma ba su san ina da wani ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Shekara biyu kafin abin nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti sai muka dawo da shi gidana, ɗakin da ke kusa da ƙofar shigowa, don ya riƙa jin motsin mutane. Hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, baki ya karkace. Magana tana fita, amma sai wanda ya saba yake ganewa. Kansa kuma ya koma wani iri. Abin da ya faru shekara arba'in baya zai ba ka shi tiryan-tiryan, har da lambar mota. Sabon abu kuwa in ya shiga, yadda ya shiga haka yake zama, ba gyara. Wani maƙwabci ya taɓa faɗa a gabansa cewa za a ɗauke wuta ranar Talata. Daga ranar, kowace Talata sai Baba ya tayar da hankalin gida a yi cajin fitila.

Ba shi abinci aiki ne. Cokali ba ya yi masa, yana buga masa haƙori ya sa shi ƙwarewa. Sai an ɗebo kaɗan da yatsa uku, a kai can gefen hagu inda bakin ke da rai, a jira ya haɗiye. In an gama kuma sai ka sa yatsa ka zagaya cikin kuncinsa na dama ka kwaso abin da ya maƙale, don shi ba ya jin akwai komai a wurin. A asibiti aka koya mana haka.

Matata tana aikin shara da goge-goge a asibiti, daga safe zuwa ƙarfe biyu. Kafin ta fita take dafa na Baba daban: shinkafa ta dahu luguf, kifi ta bi shi da yatsa ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta murƙushe, ta zuba a kula. Da rana ni zan dawo in ba shi, da yamma ita. Baba ya sa mata suna Likita. Yana jin ƙarar ƙofa zai ce, "Likita ta dawo, a gyara zama." Ita kuma ta ajiye jaka ta leƙa.

"Baba, yau ina za ka kai mu?"

Sai ya ɗauko mata labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangara da buhun siminti ɗari shida a baya. Ta ji labarin nan ya fi sau hamsin, amma duk ranar sai ta dafe ƙirji a daidai wurin da ya kamata. Tana goye mahaifinta ya rasu, ba ta san shi ba. Wani lokaci ina daga tsakar gida in ji suna dariya su biyu, har in ji haushi, don ni Baba bai taɓa ba ni labari da daɗi haka ba.

A asibitin nan na fara ganin abin, lokacin da Baba ke kwance karon farko. Babban likita mai gilashi, in ya taɓa wannan majinyaci sai ya matsa wata kwalba a jikin bango, ya murza hannu, ya wuce na gaba. Ba ruwa, ba sabulu, ba tawul. Na ce ashe haka manya suke yi, mu muna nan muna wahala da kumfa. Na tambaya aka ce sunansa sanitaiza. Na samo tawa a kantin magani, 'yar ƙarama mai ƙugiya, na rataye a jikin jakar kayan aiki. A jikinta an rubuta 99.9, wannan ko ni na iya karantawa. Ƙamshin lemo gare ta. In akwai yanka a hannu sai ta yi zafi, ni kuwa a wurina zafin nan shi ne aikin. Na haɗa da sabulun magani, mai hoton ƙwayar cuta an ja mata jan layi, na kai gida na ce daga yau a daina miƙo min wancan na wanki.

Matata ta zuba min ido kwana biyu. Rana ta uku ta ga na dawo daga aiki, na matsa na murza, zan shiga ɗakin Baba. Ta tare ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Maigida, abin nan fa ba na irin hannunka ba ne."

"Na irin hannun wa ne?"

"Na hannun da ba datti a jiki. Likita daga biro sai takarda sai jikin mutum. Kai fa? Dubi farcenka."

Na duba. Baƙi ne, kamar kullum.

"Wannan ai launin sana'a ne."

"Ni ina ganinsu kullum. In suka fito daga ɗakin masu gudawa, har babban likitan famfo yake nufa, ba kwalba ba. Sista, babbar nas ɗinmu, ta ce akwai ƙwayoyin da abin nan ba ya yi musu komai, sai dai ruwa da sabulu su kwashe su su tafi da su."

"Sista ta ce, ko ke kika ce?"

"Sabulun ma da ka kawo, ta ce da shi da na wankin duk tafiyarsu ɗaya. Murzawar ce aiki, da ɗaurayewa."

Na yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba yana ce miki Likita don wasa, ke kin ɗauka takarda aka ba ki. Ke da ke bin bayansu da bokiti, ke za ki gyara min abin da na gani da idona?"

Daga cikin ɗaki Baba ya ɗaga murya, da kyar kalmar ta fito: "Guduma. Wanke."

Ranar na wanke, don Baba ya sa baki. Washegari ta samo igiya ta ɗaure sabulu a jikin famfon tsakar gida, famfon da ni na kafa da hannuna, taku biyar daga ƙofar ɗakin Baba. In tana gida ina wankewa don a zauna lafiya. In ba ta nan, kwalbata.

Wata Laraba aka kira ni wani gidan renon yara, inda ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu su wuce ofis. Mai wurin mace ce mai jiki da yawan magana, kowa Madam yake ce mata. Banɗakunan yaran guda uku, ƙanana kamar na wasa, duka sun toshe, ruwa ya taso har bakin.

"Oga Guduma, ka taimake ni," in ji ta. "Tun shekaranjiya cikin yaran nan yake ɓaci, wannan ya yi amai wancan ya saki. Masu renon nan kuma ba sa ji, duk ƙyallen da suka goge yaro da shi sai su tura ciki."

Na ji maganar sarai. Amma abin da kunnena ya ɗauka shi ne ƙyalle, don shi ne ya shafi aikina.

Na kashe ruwan gidan daga babban kai. Na zagaya baya na ɗaga murfin ramin da bututun suka haɗu. Na tura waya, ta ƙi wucewa. Na tura na jawo, na tura na jawo, har safar hannuna ta yage a babban yatsa. Safa yagaggiya ta fi babu ɓata rai, sai na cire ta na jefar, na naɗe hannun riga, na zura hannu har gwiwa. Na kamo dunƙulen na fizgo. Ya kai girman kan jariri. Ruwan ya wuce da gurnani, Madam ta yi tafi daga nesa da hanci a toshe.

A wurin fizgowar na tsaga wata mahaɗa, sai da na yanke na sa sabuwa na shafa gam. Gam yana son lokaci kafin a saki ruwa. Na duba waya, ɗaya ta wuce. Baba sha biyu da rabi yake ci, in aka wuce haka jikinsa har rawa yake yi.

"Tsaya a samo maka ruwa a maƙwabta ka wanke," in ji Madam. "Ga sabulu nan."

Na ɗaga mata kwalbar.

"Madam, mun wuce nan."

Na goge hannun da tsumman da ke jakata. Na matsa, na murza. Abin ya haɗu da dattin ya zama wani toka-toka mai yauƙi, sannan ya bushe. Na ƙara matsawa karo na biyu, don ni ma na san inda hannun ya shiga. Yankan da ke yatsana ya yi zafi sosai. Na shinshina, lemo. Na hau babur.

Tun daga bakin ƙofa nake jin Baba yana buga kofi a ƙarfen gado. Famfon yana nan, sabulun yana lilo a igiya. Na gan shi. Ba zan ce ban gani ba. Na ma ɗan rage tafiya, sai ƙarar kofin ta ƙaru, na ce ai sau biyu na shafa. Na wuce.

Na tayar da shi zaune, na jingina shi da filo, na buɗe kula. Da na kai lomar farko ya yamutsa hanci.

"Wari."

"Lemo ne, Baba. Buɗe."

Ya buɗe. Ranar ya ci sosai, yunwa ta kama shi. Na zagaya masa kunci da yatsa kamar kullum. Ɗan abin da ya rage a kular na sa hannu na cinye, don ni ma ban karya ba.

Alhamis lafiya lau. Juma'a da safe, ina ɗaure takalmi, na ji matata ta ƙwala min kira. Baba ya yi amai ya jiƙa filo, kafin mu canza zanin gado ya saki ta ƙasa. Muka gyara, ya ƙara. Ni ma tun wayewar gari cikina yake murɗawa, na shiga banɗaki sau uku, na sakar wa famfo ruwa don kada a ji. Ban faɗa wa kowa ba.

Matata ba ta je aiki ba. Ta sa safar hannu, ta haɗa ruwan gishiri da suga tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan, amma mutumin da ruwan lafiya ma ke ƙware shi, ina zai iya. Kafin rana ta take idanunsa sun faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Muka nemi mota.

Aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ya ce a irin shekarunsa da irin jikinsa, da mun ƙara rabin yini da sai dai wani labarin. Da yamma Yaya ta iso. Ita ce babbarmu, shekara tara ta ba ni, ita ta goya ni, kuma har yau in ta ɗaga gira sai in ji kamar na fasa tulu. Ta tsaya a kan Baba ta dube shi, ta juyo.

"Me ya ci?"

"Abin da ya saba ci," na ce.

"Mutum yana kwance a ɗaki, ba ya fita ko ƙofa. Ciwon ciki ba ta taga yake shigowa ba. Wani ne ya kai masa. Guduma, da kai nake."

Matata tana gefen gadon riƙe da roba. Baba idonsa biyu, yana bin bakin kowa da kallo. A daidai lokacin na tuna hannuna a cikin ramin nan har gwiwa. Ba zan ce na tabbatar ba a ranar, amma na ji a jikina. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ki tambayi mai dafawa. Daga wanke ƙazantar asibiti sai tukunyar Baba. Na sha faɗa mata."

Ban taɓa faɗa mata ba, ko sau ɗaya. Matar da in ta dawo aiki ba ta taɓa ko murfin tukunya sai ta yi wanka ta canza kaya.

Ta ɗago ta dube ni. Ta mayar da ido kan robar da ke hannunta. Yaya ta ja tsaki ta ce dama ita tun farko aikin nan bai kwanta mata ba, a ce mai jinyar tsoho tana yini cikin cututtukan gari. Ni ban saurari sauran ba, Baba nake kallo. Idonsa ya bar fuskata a hankali, ya koma kan matata, ya tsaya a wurin.

Ranar Lahadi na fitar da fo ɗin Baba na zubar, na dawo na tsaya a bakin ɗaki na matsa kwalbar bango ina murzawa. Wata nas gajeriya, mai furfura a gaban goshi, ta daka min tsawa daga can.

"Malam! Famfo!"

"Ai na shafa wannan."

"Na gani. Na ce famfo."

Ta tasa ni gaba kamar ɗan makaranta har bakin wurin wanke hannu. Ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi farcen, ta dubi tsagewar tafin.

"Me kake yi?"

"Gyaran famfo."

"Ikon Allah. Mai famfo yana gudun famfo." Ta miƙo min sabulu, fari, irin wanda ba hoton komai a jikinsa. "Waccan kwalbar tana da amfaninta, mu ma da ita muke yini. Amma in hannu ya yi datti, a saman dattin take tsayawa, abin da ke ƙarƙashi yana nan da ransa. Irin ciwon babanka kuwa, ko hannun ya yi fes ba ta cika iya masa ba. Shi ba kashe shi ake yi ba, wanke shi ake yi ya bi rariya. Murza. Tsakanin yatsu. Ƙarƙashin farce. Ban ce ka tsaya ba."

Ruwan da ya sauka daga hannuna launin ƙasa ne. Ga shi kwana uku ban taɓa aiki ba.

"A ina ka yi aiki cikin makon nan?" ta ce.

Na ce wurare da yawa. Ta dube ni ta saman gilashi, ta tafi.

Litinin Madam ta buga min waya, wai mahaɗar da na sa tana ɗiga. Kafin in ba ta amsa ta wuce da nata labarin: ta rufe wurin sai wani mako, yara goma sha huɗu da masu reno biyu, duk amai da gudawa, biyu har an kwantar da su.

"Kai dai ba abin da ya same ka ko, Oga? Da na ga yadda ka zura hannun nan sai da tsigar jikina ta tashi."

Na ce lafiya ƙalau.

Na sami matata a barandar asibitin tana shanya tawul ɗin Baba a jikin ƙarfe. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata.

"Na sani," ta ce. Ko juyowa ba ta yi ba. "Tun ranar Juma'a. Ka ɗauka ƙarar famfo tana rufe komai?"

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"A gaban Yaya? In ce mijina maƙaryaci ne, ga ubansa kwance?" Ta matse tawul ɗin. "Ni ba ni za ka faɗa wa ba. Shiga ka faɗa wa Baba. Yau. Tun shekaranjiya in na miƙa masa ruwa yake rufe baki."

Na ce to. Ban shiga ba. Na ce bari ya ɗan ji ƙarfi. Washegari Yaya tana nan, na ce bari ta tafi. Ranar da ta biyo baya likitoci suna zagaye. Haka na yi ta ja har kwana shida, har aka sallame mu. Wanda ya zura hannu a ramin ƙazanta bai ji ƙyama ba, shi ne ya kasa buɗe baki ya ce ni ne.

A gida na faɗa, a gaban Yaya. Ta zage ni tas, ta kira ni da sunayen da rabona da jin su tun ina ɗan shekara goma, sannan ta fita tsakar gida ta kama hannun matata ta ba ta haƙuri. Wannan ya wuce da sauƙi. Na durƙusa a gaban gadon Baba na yi masa bayani dalla-dalla: ramin, safar da ta yage, kwalbar, famfon da na wuce. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ɗaga hannun hagu ya dafa kaina, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma.

"Ɗan kirki," ya ce. "Kana rufa mata."

"Baba, wallahi ni ne."

"Rufa mata. Haka ake yi."

Yaya ta faɗa masa. Na ɗauko kwalbar na nuna masa. Har nas ɗin nan mai furfura na roƙa, ta yi masa magana ta waya. Kowa ya gama sai Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Asibiti. Tukunya." Maganar farko ta riga ta shiga ta zauna.

Ya daina cin abincinta. Na kawo kula na ce Yaya ce ta aiko, ya karɓi loma ɗaya, ya juya ta a baki, ya tofar. Shekara biyu yana cin girkin hannu ɗaya, ya san shi ko da ido rufe. Yaya ta riƙa aikowa da gaske, amma gidanta da nisa, kuma ba ta iya laushin da yake so ba, rana ɗaya ƙaya ta kusa tafiya da shi. Muka gwada na maƙwabciya. Muka gwada na saye. Daga ƙarshe ni na shiga kicin, a gaban idonsa, na jawo risho har bakin ƙofarsa don ya ga ni ne. Matata tana tsaye a bayan bango inda ba zai hango ta ba, tana min raɗa.

"Ƙara ruwa. A'a, ya yi yawa. Rage wuta, Maigida, zai kama."

Abin da nake saukewa ko ni ba na marmarinsa. Baba ya ci loma huɗu, biyar, ya kau da kai. Hannuna kuwa a lokacin har ya yi fari don wanki, fatar tana saɓulewa. Ba wanda ya amfana.

Sunan Likita ya ɓace a gidan. In ya ji ƙarar ƙofa ƙarfe biyu da rabi sai ya ce, "Waccan ta dawo. Rufe kofi." In ta leƙo gaishe shi, ya sa tafin hagu ya toshe bakinsa har sai ta fita. Tun tana leƙawa kullum, ta koma bayan kwana biyu, ta koma tana gaishe shi daga waje, don likita ya ce tashin hankali ba shi da kyau ga jininsa. Wankin zanin gadonsa bai fasa ba, ita ke yi, sai dai a can bayan ɗakuna take shanyawa, ni in kwaso in ce na kai wa mai wanki. Da yamma, lokacin da suka saba hira, sai ta ɗauki kujera ta zauna a tsakar gida tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Ni in zauna a ciki da shi. Na taɓa cewa, "Baba, ba ni labarin gangarar nan mana." Ya ce ya manta.

Ya rame har zobensa na azurfa ya faɗo da kansa. Ƙafar da yake ja a da, ya daina ja, don ba ƙarfin tashi. Wata na huɗu ya ƙware da wani abin da na dafa, tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Aka ba da magani, ya lafa, ya dawo. Wata na biyar likitan ya ja ni gefe ya ce mu kai shi gida ya huta cikin iyalinsa. Na gane.

Wata ranar Asabar da la'asar numfashinsa ya canza. Yaya tana hanya. Matata ta yi wanka ta sa kayan da Baba ya taɓa yabawa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, zan shiga."

"Ki bari in fara yi masa magana."

"Ka yi magana ta isa."

Na matsa mata. Ta shiga a hankali ta durƙusa a gefen hagu, inda yake gani. Ba ta kawo ruwa ba, ba ta kawo komai ba, hannayenta ma a baya ta riƙe su don ya ga ba abin da za ta ba shi.

"Baba, ni ce. Na zo in gaishe ka ne kawai."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta, har na fara sa rai. Na ga leɓensa yana motsi, na sunkuya don in taya shi fito da maganar, kamar yadda muka saba. Ba a buƙaci taimakona ba. Rabon da kalma ta fita daga bakinsa sarai haka tun kafin ya shanye.

"Fita."

Ta miƙe. Ta gyara masa bargon da ya zame daga ƙafarsa, ta fita.

Washegari da hantsi ya cika. Ni da Yaya muna kansa. Matata tana can bayan ɗakuna tana wanke zanin da na cire masa da safe, kukan Yaya ne ya sanar da ita.

Ni da matata muna nan tare har yau. Tana girki, ina ci, muna maganar yara da ta gyaran rufi. Ba ta taɓa tayar min da zancen ba, ko da faɗa ya haɗa mu. Sau ɗaya na ce ta yafe min, ta ce ta yafe, ta ci gaba da abin da take yi. Shekara biyu da wata biyar ta yi tana ɗawainiya da mutumin da ta ɗauka uba, kuma abin da ta samu daga bakinsa na ƙarshe shi ne a ce mata ta fita.